Tsuntsu na ƙarewa, cutar shinkafa ta ƙi ƙarewa: ina bambancin yake?

"Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina da tambaya, ni ɗalibi ne kuma muna noman shinkafa a gida. Na karanta cewa akwai wani ɗan tsuntsu mai waƙa a ƙasashen Asiya da yake cin shinkafa, wai da can miliyoyi ne amma yanzu ya kusa ƙarewa har ana kashe kuɗi don a cece shi. Mu kuma ga cutar nan da take ƙona mana ganye tana farar da kan shinkafa, ance fumfuna ce, shekara da shekaru ana feshi amma ta ƙi ƙarewa. To ba duk shinkafar suke ci ba? Me yasa ɗaya ke ƙarewa ɗaya baya ƙarewa, kuma me yasa ake lallaɓa ɗaya ana yaƙar ɗaya alhali duk ɓarna suke yi? Mu nan jan baki ya ishe mu, da zai ƙare ma wallahi da mun huta."

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa idan na fahimce ka da kyau tambaya biyu ka haɗa wuri guda, ta farko ita ce me yasa halittu biyu da suke kiwo a gona ɗaya kuma ɗan Adam yake kashe su duka biyun, ɗaya ya durƙushe ɗaya kuma ko gezau, ta biyun kuma wa ya cancanci a kare shi wa ya cancanci a yaƙe shi. Ni aikina cututtukan amfanin gona ne musamman shinkafa, saboda haka ɓangaren fumfunar abu ne da nake gani da idona a gonaki, ɓangaren tsuntsun kuma da ƙidayar masu bibiyar tsuntsaye zan dogara, su suka yi wahalar ƙirga shi shekara da shekaru.

Tsuntsun da kake nufi

Sunansa a turance yellow-breasted bunting, masana kuma suna ce masa Emberiza aureola. Ɗan ƙarami ne, girmansa bai wuce na gwara ba, tsawonsa wajen santimita 15. Namijin a lokacin neman mace fuskarsa baƙa ce, bayansa ja mai duhu, ƙirji da ciki ruwan ɗorawa, da wani siririn layi mai ruwan ƙasa da ya ratsa ƙirjin. Sai ya hau kan ɗan icce ko doguwar ciyawa yayi ta rera kukansa, yana kiran mace yana kuma shaida wa sauran maza cewa wurin nan da mai shi. A can arewa yake ƙyanƙyasa, da can tun daga Finlan a Turai, a ratsa Rasha da Mongoliya har tsibirin Hokkaido na Japan, a filayen ciyawa masu damshi na bakin koguna, kuma a ƙasa yake sheƙa cikin ciyawa. Idan sanyi ya taso sai ya gangaro kudu, kudancin Sin da Tailan da Kambodiya da Myanmar da Nefal da arewa maso gabashin Indiya, yayi ta kiwo a gonakin shinkafa har sanyin ya wuce.

To hanyar nan tasa ita ta jawo masa. Hatta waɗanda aka ƙyanƙyashe a Turai basa miƙewa kudu kai tsaye, gabas suke fara yi tukunna sannan su karya kudu ta gabashin ƙasar Sin, kaga kenan kusan duk jinsin sai ya bi ta ƙasa guda, zuwa da dawowa. Sannan da daddare basa warwatsewa, garke guda suke sauka su kwana a dogayen ciyayin bakin ruwa, mai raga idan ya gano makwancin baya buƙatar wata dabara, ya kafa ragarsa kawai ya kore su su faɗa ciki. A lardin Guangdong namansa abin marmari ne, mutane sun yarda yana ƙara lafiya, har bikin cinsa aka riƙa yi a garin Sanshui a shekarun 1990. Gwamnati ta hana kamun a 1997 amma kasuwar bata mutu ba, ta koma ta bayan fage ne kawai, kuma da mutane suka samu kuɗi sai masu iya saye suka ƙaru, abin da da can cimar mutanen yanki ɗaya ce ya zama na 'yan gayu. Akwai sauran dalilai, an cike wuraren kwanansu anyi gine-gine, ana zuba maganin ƙwari da yawa a gonaki, amma masu binciken sun fi ɗora laifin akan raga.

Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna tsakanin 1980 da 2013 yawansa ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100, kuma yankin da yake ƙyanƙyasa ya ja baya da wajen kilomita 5,000. Ƙungiyar IUCN mai ajiye jerin halittun da ke cikin haɗari kafin 2004 ma bata damu dashi ba don gani ake yi yana ko'ina, a 2004 ta fara saka masa alama, a 2008 ta ɗaga, a 2013 ta ƙara ɗagawa, a 2017 ta kai shi matakin dab da ƙarewa. A 2021 Sin ta saka shi a rukunin farko na dabbobin da doka ke karewa.

Ita kuma fumfunar

Cutar da ka kwatanta, ganye ya ƙone kai yayi fari, mafi yawan lokaci ita ce wadda ake kira blast, fumfunar da ke kawo ta kuma Magnaporthe oryzae, wasu littattafan su rubuta Pyricularia oryzae, duk abu ɗaya ne. Tsohuwar cuta ce, tun 1637 akwai bayaninta a rubuce a ƙasar Sin, yau tana ƙasashe wajen 85, kusan duk inda ake noman shinkafa kenan, kuma kiyasin da aka fi ambata shine shinkafar da take lalatawa duk shekara zata ciyar da mutum miliyan 60.

Yadda take shiga ganye abin mamaki ne, ni har yau idan na saka a madubin ƙara girma sai na daɗe ina kallo. Irinta wata 'yar ƙura ce da ido baya gani, iska ke ɗaukarta, idan ta faɗa kan ganye mai raɓa sai ta manne ta tsiro ɗan zare, a ƙarshen zaren sai ta kumbura wani ɗan ƙulli mai baƙin bango, ƙullin yayi ta jan ruwa ciki har matsin da ke cikinsa ya kai wajen ninki 40 na iskar tayar mota, da wannan ƙarfin take huda fatar ganyen, bata jiran rauni ko wata kafa. Bayan kwana 4 ko 5 zaka ga tabo ya bayyana, mai faɗi a tsakiya da tsini a baki biyu, tsakiyarsa toka-toka gefensa ruwan ƙasa. Kafin mako ya cika wannan tabon ya fara fitar da nasa irin, kuma tabo ɗaya tak a dare ɗaya mai damshi yana iya sakin dubbai. Abin da take so shine raɓa ta daɗe akan ganye, iska ta cika da danshi, zafi wajen digiri 25 zuwa 28, ganye kuma yayi laushi saboda yawan taki. Idan ta kama ganye tun shuka tana ƙarama akwai sauƙi, wani lokacin shukar tana farfaɗowa, amma idan ta kama wuyan kai lokacin da shinkafa ke fitar da kai to nan ne kuka yake, wuyan yayi baƙi ya ruɓe, abinci ya daina hawa, sai ka ga kai ya tsaya fari fat babu komai ciki sai ƙaiƙayi.

Lissafin haihuwa da mutuwa

Yanzu ka ajiye su gefe da gefe. Tsuntsun nan sau ɗaya yake ƙyanƙyasa a shekara, ƙwai 4 zuwa 6, cikinsu wasu dabbobin daji su cinye tun a sheƙa tunda a ƙasa take, waɗanda suka tashi kuma sai sun yi tafiyar dubban kilomita sun dawo da rai kafin su haihu ko sau ɗaya. Tun asali lissafinsa a kan gaɓa yake, abin da ake haifa da abin da ke mutuwa kusan kunnen doki. Kuma ga abin da mutane basa lura dashi, faɗuwar kashi 90 a shekara 33 idan ka raba ta bata wuce ragin kusan 7 cikin 100 a kowace shekara ba. Wa zai lura da 7 cikin 100? Mai raga bara ya kama bana ma ya kama, garken da yake sauka har yanzu garke ne don su tsuntsayen da suka rage haɗuwa suke yi wuri guda, shi a ganinsa babu abin da ya canza, sai can a Finlan da yammacin Rasha ne aka wayi gari filayen sun yi tsit.

Fumfuna kuwa zagayenta mako ɗaya ne. Shinkafa irin Faro 44 tana ɗaukar kwana 110 zuwa 120 a gona, ka ƙirga zagaye nawa kenan a noma ɗaya, kowane zagaye kuma ninki dubbai. Ko feshinka ya kashe 99 cikin 100 na irin da ke gonar, ɗayan da ya rage idan aka samu dare biyu uku masu raɓa ya isa ya mayar da abin yadda yake, balle ga gonar maƙwabci da bai yi feshi ba iska na kaɗowa daga can. Idan an girbe kuma bata mutu ba, tana nan kwance a karan da aka bari a gona da jikin irin da aka ajiye na baɗi.

Sai maganar irin shinkafar da baya kamuwa. Masana sun gano ƙwayoyin halitta sama da 100 a jikin shinkafa da ke bata kariya daga blast, amma yawancinsu yadda suke aiki kamar maigadin da aka ce masa ɓarawon nan jar hula yake sakawa ne, muddin ya zo da jar hula za'a kama shi a ƙofa, ranar da ya cire hular sai ya wuce ta gaban maigadin har da gaisuwa. A cikin biliyoyin ƙurar da ke tashi daga gonaki dole a samu wadda ta fito ba hular, kuma idan kowa a yankin iri ɗaya ya shuka to ita kaɗai ce zata samu abinci, cikin shekara 2 ko 3 sai kaji manoma na cewa irin nan ya lalace, alhali irin yana nan yadda yake, cutar ce ta sauya. Akwai irin da kariyarsa ta daɗe, misali Moroberekan, tsohuwar shinkafar tudu ce ta nan Afirka ta Yamma da masu haɗa iri a duniya suke komawa gare ta, don ita kariyarta ba a kan ƙwayar halitta guda ta rataya ba.

Amma abin da na fi so ka riƙe shine mu da kanmu muke yiwa fumfunar hidima. Duniya tana noma shinkafa a fili sama da hekta miliyan 160, kullum ana ƙara mata gida. Muna shuka iri guda daga wannan bakin fadama zuwa wancan, muna zuba yuriya don ganye yayi kore shar, muna noman damina mu zarce na rani ta yadda babu watan da zata rasa ɗanyen ganye, sannan muna ɗaukar iri da hatsi daga ƙasa zuwa ƙasa. Dubi 'yar uwarta mai kama alkama, a 1985 aka fara ganinta a jihar Parana ta Birazil, ta daɗe a Kudancin Amurka, kwatsam a 2016 ta ɓulla a Bangaladash ta lalata wajen hekta 15,000, a 2018 aka fara ganinta a Zambiya, kuma binciken ƙwayoyin halittarta ya nuna daga Kudancin Amurka ta fito. Ba iska ce ta tsallakar da ita teku ba. Cinikin da ya zame wa tsuntsun ajali shi ya zame mata mota.

Maganar jan baki

Na san zafin da kake ji, duk wanda ya taɓa tsayawa a gona tun asuba yana jan igiyar gwangwani yana ihu har maƙogwaro ya dushe ba zai so jin wani na tausayin tsuntsu ba. Amma jan baki lissafinsa daban ne da na wancan. Ana kiyasta shi da wajen biliyan 1.5, babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya, ya bazu a yawancin Afirka kudu da Sahara ba ta hanya guda yake bi ba, yana bin ruwan sama ne, inda ciyawa tayi 'ya'ya nan zai kafa sheƙa, ƙwansa kwana 10 ya fashe, kuma a shekara mai kyau zai iya ƙyanƙyasa sau 2 ko 3 a wurare daban-daban. Asalin abincinsa 'ya'yan ciyawar daji ne, gonarka ƙari ce. An shafe shekaru da dama ana masa feshi da jirgi a Kebbi da Sakkwato da Jigawa da Yobe da Borno da sauran ƙasashe, ana kashe miliyoyi, amma jimillarsa bata faɗi ba, kuma bayanin da masana suka bayar shine da yawan waɗanda ake kashewa dama yunwa ce zata kashe su a farkon damina, lokacin da ruwan farko ya sa 'ya'yan ciyawar da ke ƙasa suka tsiro abinci ya yanke. Feshin yana ceton gonakin da ke kusa da makwancin a wannan shekarar, wannan gaskiya ne, amma ba zai ƙarar dashi ba, kuma maganin da aka saba amfani dashi, fenthion, baya tambayar suna, shaho da mujiya da duk abin da ya ci mushen yana tafiya. A yankin Haɗeja zuwa Nguru ma kacalla da ta cinye hanyoyin ruwa ita ta zame masa ɗakin kwana, share kacallar nan aiki biyu ne a tafiya ɗaya. A wajen tafkin Chadi kuwa, ɓangaren Chadi da Kamaru, akwai masu sana'ar kama shi da raga su soya su kai kasuwa.

Duk da haka kar yawa ya ruɗe ka. A Amurka akwai wata kurciyar daji da ake ƙirga ta da biliyoyi, garkenta na rufe rana idan zai wuce, aka yi ta harbi ana lodawa a jirgin ƙasa, ta ƙarshe ta mutu a gidan zu na Cincinnati a 1914. Mu ma ba sai munje nesa ba, tambayi babanka yadda ungulu take a kwata da bakin kasuwa lokacin yana yaro, sannan ka faɗa min yaushe rabonka da ganin ko guda. Tun 2015 irin ungulun da muka saba gani a gari take cikin jerin masu dab da ƙarewa, guba da masu sayen sassan jikinta don magani suka gama da ita, kuma ita ƙwai ɗaya take yi. Sannan maganar da mun huta ɗin nan an taɓa gwada ta, a 1958 Sin ta shelanta yaƙi da gwara don tana cin hatsi, aka fito ƙwai da kwarkwata ana buga kwanuka har tsuntsayen su gaji su faɗo, abin da ya biyo baya shine fara da sauran ƙwari suka samu sake, zuwa 1960 dole aka cire gwara daga jerin abokan gaba. Yawancin tsuntsaye masu cin hatsi da ƙwari suke ciyar da 'ya'yansu, har wancan na Asiya, har jan bakin ma.

Wa za'a kare, wa za'a yaƙa

A nawa ganin ba maganar wannan kyakkyawa ne yana waƙa wancan kuma mummuna ba ce, duk da dai kar mu yaudari kanmu, kyau yana taimaka wa tsuntsu wajen samun masu tara masa kuɗi, akwai ƙwari da tsirrai da fumfunoni masu amfani da suke ɓacewa babu mai ko tambaya. Ma'aunin da nake amfani dashi shine wace ɓarna ce ke gyaruwa. Shinkafar da ragowar tsuntsayen nan zasu ci a yanzu bata kai a saka ta a lissafi ba, a Hong Kong ma akwai wurin da ake kira Long Valley da masu kare tsuntsaye suka dawo da noman shinkafa takanas don ya samu abin ci idan ya yada zango. Idan kuwa na ƙarshe ya mutu shikenan, babu kuɗin da zai dawo dashi. Kuma cetonsa baya buƙatar wata fasaha, a daina kamawa a bar masa wurin kwana, sauran shi zai yi da kansa. A suratul An'am aya ta 38 an ambaci dabbobi da tsuntsaye a matsayin al'ummu kamar mu, hukuncin kashe mai ɓarna da iyakarsa kuma wannan fagen malamai ne, su zaka tambaya.

Ita fumfuna kuma babu wani mai hankali a cikinmu da yake da burin ƙarar da ita daga doron ƙasa, don ba zai yiwu ba. Cututtuka biyu kacal ɗan Adam ya taɓa shafewa, agana a 1980 da bushiya ta shanu a 2011, dukansu kuma ƙwayar bairos ce da aka samu allurar rigakafi mai ƙarfi a kanta. Shinkafa bata da allura, kuma dangin wannan fumfunar suna rayuwa a ciyayi iri-iri. Abin ma da zai baka dariya, mu da muke yaƙarta mu ne muke adana ta, a ɗakin bincike ana rainonta akan 'yar takarda a busar a saka a firiza ta shekara da shekaru, don duk sabon irin da za'a fitar sai an fesa masa nau'o'inta daban-daban an ga ko zai jure. Cibiyoyin binciken shinkafa irin IRRI a Filifin da AfricaRice da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi a jihar Neja duk gwajin jure blast yana cikin aikinsu. Burin shine a riƙe ta ƙasa da inda zata ci ribar manomi. Kuma ana iya yin haka ba da feshi kaɗai ba, a lardin Yunnan na Sin a 1998 da 1999 an sa manoma sun riƙa shuka layin irin da ke saurin kamuwa a tsakanin layukan irin da ke jurewa, sai tsananin cutar akan mai saurin kamuwar ya ragu da kashi 94 cikin 100, amfaninsa ya ƙaru da kashi 89, har suka daina feshin ganye.

A gonarku

Kafin ka sayi ko wane magani ka tabbatar blast ɗin ce, don abu uku ne manoma ke haɗawa su kira da suna ɗaya. Idan ka ga farin kai ka kama shi ka ja a hankali, in ya zaro salin alin kuma gindinsa a cinye yake ko kaga kashin tsutsa to tsutsar kara ce, maganin ƙwari take so. In ya ƙi zarowa kuma ka duba wuyan, daidai gaɓar da ke ƙasan kai, ka ga baƙi ko ruwan ƙasa, wani lokacin ma ya karye a nan, to blast ce. Idan kuma ɗigo-ɗigo ne ƙanana zagayayyu masu ruwan ƙasa ko'ina a ganye, wannan wata fumfunar ce daban da ta fi kama shinkafar da ke jin yunwa a ƙasar da ta gaji, ita gyaran taki take nema. Abin da nake yawan tararwa shine mutum ya ga ganye na ƙonewa ya ruga kasuwa ya sayo fiya-fiya ya fesa, ya kashe kuɗi ya shaƙi guba ya kashe gizo-gizo da sauran masu cinye masa ƙwari, fumfunar kuma ko a jikinta. Wani kuma sai yace ai yunwa ce ya ƙara buhun yuriya, wannan shine mafi muni, ganye sabo mai laushi shine abin da take nema.

Yuriya ka raba ta kashi 2 ko 3 maimakon zubawa lokaci guda, kuma in ka ga tabo ya fara yawa ka dakata da ita tukunna. Kar ka bari gona ta bushe ta tsage sannan a cika ta da ruwa, shinkafar da ta sha ƙishi tafi saurin kamuwa, shi yasa ta tudu tafi shan wahala akan wadda ke tsaye cikin ruwa. Wajen dashe ka bada tazara, santimita 20 kowane gefe, don iska ta ratsa raɓa ta bushe da wuri. Gonar da ta kamu kar a ɗebi irin baɗi daga cikinta komai kyawun da ya rage, karan kuma a kwashe ko a juya shi cikin ƙasa ya ruɓe da wuri, a wanke iri da maganin fumfuna kafin a zuba a gadon reno. Idan zaku iya shawo kan maƙwabta kar kowa ya shuka iri guda shekara da shekara to kun yi babban aiki, na san wannan yafi wuya don mai saye da injin casa su ke faɗin irin da suke so.

Feshi yana aiki amma lokaci ne komai nasa. Magungunan da ke ɗauke da tricyclazole ko azoxystrobin ana amfani dasu akan blast, ka duba sunan a jikin kwalbar ba sunan da mai shago ya faɗa maka ba, ka bi ma'aunin da aka rubuta, ka rufe hanci da jiki. Don kare wuya ana yi ne lokacin da shinkafa tayi ciki sosai dab da fitar da kai, in yanayi na damshi ne a maimaita sanda kai ya fara fitowa. Da zarar ka ga farin kai to wannan kan ya riga ya tafi, feshi ba zai cika shi ba. Kuma kar a nace wa magani guda kullum, yadda take kauce wa iri haka take kauce wa magani, an riga an ga hakan da dangin azoxystrobin a Japan da Birazil.

Ni daga nan bazan iya yanke maka hukuncin abin da ke gonarku ba, hoton waya ma sau da yawa yana ruɗi don ƙarancin sinadari a ƙasa da ƙunar maganin ciyawa duk suna iya kama da cuta. Ka nemi malamin gona na yankinku ya shiga gonar, in kuma kai zaka kai masa to ka tsinko ganyen da tabonsa bai gama bushewa ba da kai guda biyu uku har da wuyansu, daga wurare daban-daban a gonar, ka naɗe a takarda ko ambulan, kar ka saka a leda don kafin ka isa zufa ta sa wasu fumfunonin sun rufe shi. Ka rubuta sunan irin, ranar dashe, da takin da kuka zuba da ranar da kuka zuba shi.